Sashen haziƙai a jami'a: mene ne shi, wa ke shiga, wa ake bari a baya?

Duk shekara, in sakamakon jarrabawar BAC ya fito, ana jin sunayen ƴan makaranta ƙalilan da suka yi zarra, waɗanda suka samu sakamakon da ake kira "bien" ko "très bien". Ana yi musu barka, uwaye na murna, wani lokaci har hukumomi su ba su kyauta. Bayan ƴan watanni sai su shiga jami'a, su zauna cikin babban zauren karatu tare da ɗaruruwan ɗalibai, malami ɗaya na magana da lasifika, kowa na rubuta abin da ya ji. To daga nan, me jami'a ke yi da irin wannan yaro ko yarinya mai saurin fahimta?

A Amurka an daɗe da ba wannan tambaya amsa ta hanyar wani tsari da suke kira "Honors" da Turancin Ingilishi. Mu a nan za mu kira shi sashen haziƙai. Ɗalibanmu masu neman gurbin karatu a waje suna cin karo da wannan kalma a shafukan jami'o'i, da yawa kuma ba su san abin da ke bayanta ba. Ga bayani kan asalin tsarin, yadda yake tafiya, amfaninsa, da kuma sukar da ake yi masa.

Mene ne sashen haziƙai?

Da farko dai, ba wata jami'a ce ta daban ba. Sashe ne a cikin jami'a, na ɗaliban da ke neman digirin farko, wato kwatankwacin lisansi a wajenmu. A Amurka digirin farko shekara 4 ne, a maimakon shekara 3 da muka sani a tsarin LMD. Ɗalibin da ke sashen haziƙai yana karanta fanninsa kamar kowa, ko lissafi ne, ko aikin gona, ko tarihi, ko shari'a. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne wani kaso na darussansa ana ba shi su ta wata hanya dabam.

A maimakon zaure mai ɗaukar mutum 300, sai a tara su su 15 ko 20 a ƙaramin ɗaki, su zagaye teburi. Kafin su zo an riga an ba kowa littafin da zai karanta. Malami ya jefo tambaya, ɗalibai su yi ta muhawara, shi kuma yana gyara musu hanya in sun kauce. Rubutu ya fi yawa, karatu ya fi zurfi, kuma babu wurin ɓuya: in ba ka karanta ba, cikin minti biyar kowa ya gane. A ƙarshen shekara ta huɗu ɗalibi zai rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami ɗaya, galibi kuma ya tsaya gaban alƙalai ya kare shi, kamar yadda ƴan mastar ke yi a jami'o'inmu.

Tsarin iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda darakta ɗaya ke riƙe da shi da ƴan darussa kaɗan. Akwai kuma babba, wanda ya kai matsayin kwaleji sukutum a cikin jami'a, da shugabansa, da kasafin kuɗinsa, da gidajen kwanan ɗalibansa, wani lokaci har da malaman da ba su koyarwa ko'ina sai can.

Daga ina abin ya samo asali?

Sunan da ake fara ambata shi ne Frank Aydelotte, wani malami ɗan jihar Indiana da aka haifa a 1880. Yana saurayi ya samu tallafin karatu na Rhodes ya tafi jami'ar Oxford ta Ingila. Can ya ga wani abu da ya ba shi sha'awa: ɗalibi ya zaɓi ko dai ya bi hanya mai sauƙi ya samu takardarsa ya tafi, ko kuma ya bi hanya mai wuya, ya yi karatu mai zurfi da kansa, yana ganawa da malaminsa kowane mako, a ƙarshe ya fuskanci jarrabawa mai tsauri.

Da ya koma gida, ya ga jami'o'in Amurka suna tafiyar da kowa da taki ɗaya kamar sojoji a fareti. Mai sauri da mai nawa, darasi ɗaya, aiki ɗaya, jarrabawa ɗaya. A ganinsa wannan tsari an ɗinka shi ne daidai da matsakaicin ɗalibi, shi kuwa haziƙi yana samun maki mai kyau ba tare da ya yi gumi ba, daga nan lalaci ya shige shi. A 1921 aka naɗa Aydelotte shugaban kwalejin Swarthmore, wata ƙaramar makaranta kusa da birnin Philadelphia. A 1922 ya buɗe sashen haziƙai a can.

Dabararsa mai sauƙin faɗi ce. A shekaru biyun ƙarshe, ɗaliban da aka zaɓa za su rage yawan darussa, su maida hankali ga ƴan fannoni kaɗan, cikin ƙananan ƙungiyoyi. Sa'annan, a ƙarshe, ba malamansu ne za su jarraba su ba. Sai a gayyato malamai daga wasu jami'o'i, waɗanda ba su taɓa ganin ɗaliban ba, su shirya tambayoyin rubutu, kuma su yi musu tambayoyin baka. Hikimar wannan ita ce, malami da ɗalibi sun koma gefe ɗaya ke nan, dukansu biyun suna shirin fuskantar baƙo. Babu zancen son kai, babu zancen ɗan wane ne. Har yau kwalejin Swarthmore na riƙe da wannan al'ada ta alƙalai daga waje.

Wasu jami'o'i sun kwaikwaya. Jami'ar Texas da ke Austin ta buɗe nata tsarin a 1935, wanda ake kira Plan II, kuma yana nan har gobe. Amma abin bai bazu sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Tauraron da ya tada hankalin Amurka

Abubuwa biyu ne suka hanzarta yaɗuwar tsarin. Na farko, wata doka ta 1944 ta ba sojojin da suka dawo daga yaƙi damar yin karatu da kuɗin gwamnati. Jami'o'in jihohi suka cika maƙil, azuzuwa suka yi girma, malami ya daina sanin sunayen ɗalibansa. Wannan matsala ce da ba sai an yi wa ɗan Nijar dogon bayani a kanta ba.

Na biyu, ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya. Amurkawa suka firgita, suka ce an wuce su a kimiyya, suka shiga tambayar kansu ina haziƙan yaransu suka maƙale. A 1958 majalisar dokokinsu ta amince da wata doka da ta zuba kuɗi masu yawa cikin koyar da lissafi, kimiyya da harsunan waje.

A daidai wannan lokaci akwai wani malamin falsafa a jami'ar Colorado mai suna Joseph Cohen, wanda ya daɗe yana fafutukar a kula da ɗalibai masu hazaƙa a manyan jami'o'in gwamnati. A 1957 ya jagoranci kafa wani kwamiti na haɗin gwiwar jami'o'i kan wannan batu, ya riƙa yawo daga wannan jami'a zuwa waccan yana bayyana musu yadda ake kafa sashen. Jami'ar jihar Michigan ta riga ta buɗe kwalejin haziƙanta a 1956, jami'ar Oregon ta bi baya a 1960. A 1966 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ke haɗa kan irin waɗannan sassa, wadda ake taƙaita sunanta da NCHC, kuma yau ɗaruruwan jami'o'i da kwalejoji ne mambobinta.

Yaya ake shiga?

Kowace jami'a da nata sharuɗɗa, amma akwai abubuwan da kusan kowa ke dubawa. Ana duba makin da ɗalibi ya samu a shekarunsa na lise, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba. Ana duba ko ya zaɓi darussa masu wuya ko kuwa ya bi ta inda ya fi sauƙi. Wasu jami'o'in na neman sakamakon jarrabawar SAT ko ACT, wasu kuma sun mai da ita ganin dama. Ana neman wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da shi. Sa'annan akwai rubutun da ɗalibi zai yi da kansa, inda zai amsa wata tambaya da aka ba shi, don a ga yadda yake tunani da yadda yake jera magana. A wasu wurare har da ganawa baki da baki.

Abin lura a nan shi ne ƙofa ba ɗaya ba ce. Wanda bai samu shiga ba daga lise yana iya nema bayan shekararsa ta farko a jami'a, in makinsa ya yi kyau. Haka nan wanda ya fara a ƙaramar kwalejin shekara 2 sa'annan ya koma jami'a, shi ma ana buɗe masa hanya a wurare da dama. Wannan muhimmin abu ne, domin akwai yaron da hazaƙarsa ba ta bayyana sai ya samu malami nagari da ɗakin karatu mai littattafai.

Shiga kuma ba ita ce ƙarshen magana ba. A Amurka ana auna matsakaicin makin ɗalibi a kan 4. Kwalejin Schreyer ta jami'ar jihar Pennsylvania tana buƙatar ɗalibi ya riƙe aƙalla 3.40, kuma ya rubuta kundin bincike kafin ya fita. Kwalejin Barrett ta jami'ar jihar Arizona tana neman 3.25, da adadin darussan haziƙai da aka ƙayyade, da kundi. Wanda makinsa ya faɗi, a kan ba shi gargaɗi da wa'adin gyarawa. In bai gyara ba sai a cire shi daga sashen, amma ba a kore shi daga jami'a ba, zai ci gaba da karatunsa kamar kowa. Da dama daga cikin masu shiga ba sa kaiwa ƙarshe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Me ɗalibi ke samu?

Babbar riba ita ce kusanci da malami. Ɗalibin da malami ya san sunansa, ya karanta rubutunsa layi bayan layi, ya sa shi cikin aikin bincikensa, shi ne zai samu wasiƙar shaida mai nauyi ranar da zai nemi mastar, dakta ko aiki. Bayan wannan akwai mai ba da shawara na musamman, wanda ke zama da ɗalibi su tsara darussansa, kuma ya taimaka masa wajen neman manyan tallafin karatu.

Akwai kuma ƙananan gata. A jami'o'i da yawa ƴan sashen haziƙai ne ke fara yin rajistar darussa kafin sauran ɗalibai, wato su ke zaɓen malamai da lokutan da suka fi daɗi. Suna da gidan kwana nasu, inda maƙwabcin ɗakinka shi ma mai son karatu ne. Akan ba su ɗan kuɗin tafiya taron bincike ko karatu na ƴan watanni a wata ƙasa. In kuma babu darasin haziƙai a wani fanni, ɗalibi na iya ƙulla yarjejeniya da malamin ajin gama-gari: ya yi ƙarin aiki mai zurfi, malami ya sa hannu, a lissafa masa shi cikin na haziƙai.

Maganar kuɗi

Me ya sa jami'o'i ke ɗora wa kansu wannan nauyi? Akwai kishin ilimi, amma akwai lissafi ma. Jami'ar gwamnatin jiha tana ganin yadda manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Stanford ke kwashe yaran jiharta mafiya ƙwazo, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Sai ta ce wa uwaye: ku bar mana ɗanku, za mu ba shi ƙaramin aji da kulawa irin ta can, a kan kuɗin da bai kai na can ba. Ita kuma jami'a sunanta ya ɗaukaka, matsayinta ya hau a jerin jami'o'i, attajirai su buɗe aljihu.

Sun kuwa buɗe. A 1997 William Schreyer, tsohon shugaban kamfanin hada-hadar kuɗi na Merrill Lynch, shi da maiɗakinsa Joan suka ba jami'ar jihar Pennsylvania dala miliyan 30, kuɗin da in an juya su da canjin yanzu sun haura miliyar 15 na CFA. Kwalejin haziƙai ta Arizona, wadda aka kafa a 1988, ta samu sunan Barrett ne a 2000 bayan Craig Barrett, shugaban kamfanin Intel na lokacin, shi da maiɗakinsa Barbara sun ba da dala miliyan 10. A birnin New York, jami'ar gwamnatin birni ta buɗe nata sashen a 2001, daga baya William Macaulay, wanda shi ma tsohon ɗalibin jami'ar ne, ya ba da dala miliyan 30 aka sa mata sunansa. A wannan kwaleji ta Macaulay, ɗaliban da suka cika sharuɗɗan zama ƴan jihar ba sa biyan kuɗin karatu.

Amma fa kada a ɗauka ko'ina haka ne. Shiga sashen haziƙai ba ya nufin an ba ka bursi. Wasu jami'o'in ma ƙarin kuɗi suke ɗora wa ɗalibin a kan wanda kowa ke biya, kuma Barrett na cikin masu yin haka. Ɗalibi ɗan ƙasar waje kuwa, kuɗin karatunsa a jami'ar jiha ya kan ninka na ɗan jihar.

Sukar da ake yi wa tsarin

Suka ta farko ita ce ta adalci. Masu wannan ra'ayi na cewa jami'ar gwamnati da kuɗin kowa aka gina ta, to don me za a ware mafi kyawun malamai da mafi ƙanƙantar azuzuwa ga waɗanda dama sun fi kowa shiri? Ɗalibin da ya fito daga makaranta mai rauni, wanda shi ne ya fi buƙatar kulawa, shi ne ake bari cikin cunkoso. Kamar a ce likita ya bar majinyata ya tafi duba masu lafiya.

Suka ta biyu ta fi ta farko zafi: wai shin hazaƙa ake aunawa ko kuwa gata? Yaron da uwayensa suka yi karatu, gidansu akwai lantarki da littattafai, aka biya masa malamin gida, makinsa zai fi na ɗan talaka da ke aiki bayan an tashi daga makaranta, ko da Allah ya yi su da kaifin basira ɗaya. Wani bincike da masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano suka yi a wata babbar gundumar makarantu ta jihar Florida ya haska wannan batu, duk da cewa a kan ƴan firamare aka yi shi. A da, sai malami ko uwaye sun gabatar da sunan yaro kafin a gwada shi don shiga ajin haziƙai. Da aka sauya tsari aka riƙa gwada kowane yaro ba tare da jiran wani ya gabatar da shi ba, yawan ƴaƴan talakawa da baƙaƙen fata da aka gano masu hazaƙa ya ƙaru sosai. Wato suna nan tun farko, ba a dai dube su ba ne.

Tambaya ta uku: shin sashen ne ke gyara ɗalibi, ko kuwa dama wanda zai yi nasara ne ake ɗauka? Wasu masana uku, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, sun duba lise-lisen haziƙai na Boston da New York da ake shiga da jarrabawa. Suka kwatanta yaran da suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, tun da hazaƙarsu kusan ɗaya ce. Bayan shekaru, bambancin makinsu a jarrabawoyi bai taka kara ya karya ba. Darasin shi ne, tara masu ƙwazo wuri ɗaya kawai ba ya isa, sai an sauya yadda ake koyar da su.

A ɗaya gefen kuma akwai binciken da Esther Duflo, Pascaline Dupas da Michael Kremer suka yi a makarantun firamare 121 na yammacin Kenya. A wasu daga cikin makarantun an raba yara gida biyu bisa matakin da kowa ya kai, kowane gida da malaminsa. Sakamakon ya nuna duka ɓangarorin biyu sun amfana, har da na ƙasa, domin malami ya samu damar koyarwa daidai da fahimtar waɗanda ke gabansa. Ke nan rarrabawa ba lallai ta cutar da na baya ba, muddin su ma an ba su malami da kulawa.

Saboda irin wannan suka, wasu hukumomi sun nemi hanyoyin buɗe ƙofa. A 1997 jihar Texas ta yi dokar da ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na sama a lise ɗinsa damar shiga jami'o'in gwamnatin jihar, ko a birni makarantar take ko a ƙauye. A Faransa, makarantar Sciences Po ta buɗe hanya ta musamman a 2001 ga ƴan lise na unguwannin talakawa. Tunanin ɗaya ne: a auna yaro da abin da ya yi da ɗan abin da ya samu.

Kalma ɗaya, ma'ana dabam-dabam

Nan ne ɗalibanmu ke yawan rikicewa. A maƙwabciyarmu Najeriya, da Ghana, da Ingila, in an ce mutum ya fita da "First Class Honours", ana nufin darajar sakamakonsa ne a ƙarshen digiri, kusan irin "mention" da muka sani, inda 12 a kan 20 ke ba da "assez bien", 14 "bien", 16 kuma "très bien". Ba wani aji na daban ya zauna ba. A Afrika ta Kudu kuwa kalmar na nufin shekara ɗaya ta ƙarin karatu bayan digirin shekara 3, kafin a shiga mastar. A Amurka ne take nufin sashe na musamman da ake shiga tun farko. Su ma can suna da nasu darajojin fita da ake rubutawa da Latin, waɗanda maki kaɗai ke ba da su ko da ɗalibi bai taɓa taka sashen haziƙai ba.

Wasu ƙasashen sun bi nasu hanyoyi. Faransa ta ware haziƙanta ne a wajen jami'a gaba ɗaya, cikin azuzuwan share fage na shekara 2 bayan BAC, daga nan a yi gasar shiga manyan makarantu. Sin ta buɗe ajin yara masu baiwa a 1978 a jami'ar kimiyya da fasaha da ke birnin Hefei, bisa shawarar masanin kimiyya Tsung-Dao Lee, inda ake ɗaukar yaran da ba su kai shekarun shiga jami'a ba. Holan kuma, wadda aka sani da ƙin fifita wani a kan wani, ta sauya ra'ayi, gwamnatinta ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Sirius a 2008 don taimaka wa jami'o'i su kafa sassan haziƙai.

Ina abin ya shafe mu?

Ware haziƙai ba baƙon abu ba ne a Nijar. Muna da Lycée d'Excellence a Yamai, muna da makarantar Prytanée ta soja, dukansu da gasa ake shiga. Tun zamanin mulkin mallaka ma, makarantar William Ponty ta Senegal ce ke tattara ƴan ƙalilan daga ƙasashen Afrika ta Yamma da Faransa ta mallaka. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ta can ya bi kafin ya wuce Faransa ya zama masanin kimiyyar fizik, ya dawo ya jagoranci binciken makamashin hasken rana, kuma yau sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Amma galibin wannan zaɓe a matakin koleji da lise yake tsayawa. Bayan BAC, haziƙi ko dai ya samu bursi ya fita waje, ko ya shiga zaure ɗaya da kowa.

Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da matsalolin da suka fi wannan gaggawa: cunkoso, ƙarancin malamai masu bincike, jinkirin biyan alawus, da shekarar karatu da kan hau kan wata. Mai cewa a fara gyara waɗannan tukuna yana da gaskiya. Sai dai tarihin da muka kawo ya nuna cewa a cikin cunkoso ne aka haifi tsarin a manyan jami'o'in Amurka, kuma ginshiƙansa na asali ba gini ba ne, ba kuma kyautar attajiri ba. Ƙaramar ƙungiya ce, da malami mai ba da lokacinsa, da littattafan da za a karanta, da kundin bincike, da alƙali daga wata jami'a. Tun da muna da jami'o'i a jihohi daban-daban, malamin Tawa na iya jarraba ɗalibin Maraɗi, na Damagaram ya jarraba na Yamai.

In har wata rana aka yi tunanin haka, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta zaɓe. Makin BAC kaɗai zai fifita ƴan makarantun kuɗi na manyan birane. Yarinyar da ta fito daga lise na ƙauye, inda aka yi wata uku babu malamin lissafi, ta kuma samu 12, mai yiwuwa ta fi wanda ya samu 15 da malaman gida uku. Tsarin da bai ga wannan yarinya ba, ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi kawai zai yi.

Ga mai niyyar nema

Ɗalibin da ke shirin neman jami'a a Amurka ya kamata ya san cewa sau da yawa takardar neman sashen haziƙai dabam take da ta neman jami'a, kuma wa'adinta kan riga na gama-gari rufewa. Ya tambaya ko ana karɓar ƴan ƙasashen waje, ko akwai ƙarin kuɗi, ko akwai bursi, da kuma makin da za a riƙe don kada a rasa shi. Zai buƙaci shaidar iya Ingilishi irin ta TOEFL ko IELTS, da fassarar takardun makinsa tun daga ajin "seconde". Ka'idojin biza kuma na sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka a tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadanci kafin a kashe ko dala. Jami'a da kanta ke zaɓen ɗalibanta, saboda haka duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi a sashen haziƙai, a yi hattara da shi.

Ga uwaye da malamai kuwa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yaron da ke gama aikinsa kafin kowa, yana yawan tambayar da ba ta cikin darasi, kada a ce masa ya cika surutu. A ƙara masa littafi, a ba shi aikin da ya fi wuya, a haɗa shi da wanda ya fi shi sani. Abin da Aydelotte ya yi ke nan a 1922, kuma wannan malamin ƙauye ma na iya fara shi da ɗalibai biyar a gindin bishiya.